Durƙuson Fasto Jobse

Ƙanena Leunis Jobse, faston garinmu, sau ɗaya ya taɓa durƙusa wa ɗan Adam, kuma a gaban idona aka yi, ina tsaye rungume da curin cuku kamar wata sakarya. Durƙuson nan ne ya girgiza mumbarin da ya yi kusan shekara talatin yana wa'azi a kai. Har yau kowa a garinmu da yadda yake ba da labarin, alhali yawancinsu ko gadar tsibirin nan ba su cika ƙetarewa ba, balle su san hanyar Romaniya. Ni Tanne, yayarsa, ina wurin, saboda haka nawa za a ji.

Mu 'yan Zeeland ne, a gefen Holan, kuma babanmu manomin albasa ne. Leunis yana ɗan shekara goma sha biyu teku ta fasa ganuwar da ke tare mana ruwa, aka yi babbar ambaliya. Ruwa ya tafi da Baba da shanunmu, mu kuwa muka tsira a kan rufin rumbu, ni da shi da Inna. Da aka koma coci, faston wancan lokacin ya ce bulalar Allah ce ta sauka a kanmu, kuma waɗanda suka rage kada su ɗauka sun fi waɗanda suka tafi. Ni na ji maganar ta wuce, don a lokacin damuwata ina za mu sami busasshiyar katifa. Leunis kuwa ta zauna masa daram. Tun daga nan ya ɗauki kowane numfashinsa a matsayin abin da bai isa a ba shi ba.

Ba a cika kiran ɗan gari ya zama faston garinsu ba, domin da wuya mutum ya yi wa tsohuwar da ta share masa majina wa'azin mutuwa. Amma shi an kira shi, ya zo, kuma duk ikilisiyar da ta neme shi daga baya ya ce mata a'a. Tsawo Allah ya ba shi har ya yi yawa. Mu nan dogaye ne, amma ko a cikinmu Leunis sai an ɗaga kai, kuma babu ƙofar gidan mara lafiya a garin nan da ba ta san goshinsa ba. A gida mutum ne mai sanyi, ba ya iya korar kyanwa daga kujerarsa, sai dai ya yi karatunsa a tsaye. Da matarsa Jacomien ta rasu, ba su haihu ba, na kwashe kayana na koma gidan fasto, don na san in an bar shi zai rayu a kan burodi da gahawa har ya faɗi.

A kan mumbari kuwa wani mutum ne daban. Wa'azinsa ɗaya ne, sai dai ya sake masa riga: babu abin kirki a jikin ɗan Adam ko ƙwaya, in Allah ya ceci wani alheri ne tsantsa, ba don ya isa ba. Mu kuma abin da muke so ke nan, in fasto bai sa mun koma gida da nauyi a ƙirji ba sai mu ce bai yi karatu ba. Cocinmu farin bango ne da benci, ko gicciye ba ma ratayawa, muna ganin kayan cocin Roma ne, na 'yan Katolika. Ba ma durƙuso, in za a yi addu'a maza su miƙe, mu mata mu zauna. Ranar Jibin Ubangiji, da ake gutsura gurasa a teburin gaban coci, coci cike maƙil, amma waɗanda ke tashi su je tebur ba su cika benci ɗaya ba, sauran kowa na ganin bai kai ba. Ni ban taɓa tashi ba. Har cikin dattawan ikilisiya akwai wanda bai taɓa kusantar teburin ba, shi ne Dingeman Wisse, abokin Leunis tun suna aji ɗaya, mutumin da in ka bar masa tsaron gidanka za ka dawo ka tarar ya gyara maka rufi.

Da aka buɗe iyakokin ƙasashen gabas, Leunis ya ga hoton wasu tsofaffi a jarida, kwance a ɗaki ba wuta cikin sanyin ƙanƙara. Bai yi shawara da kowa ba ya hau kekensa yana bin gida-gida yana tara barguna. Daga barguna aka koma gadajen marasa lafiya, da irin dankali, da injin jawo ruwa. Rumbun Dingeman ne ma'ajiya, kuma shi ya riƙa tuƙa babbar motar a shekarun farko, sai da bayansa ya ƙi sannan Marien mai jigilar albasa ya karɓa. A wani ƙauye cikin duwatsun Romaniya suka haɗu da limamin cocin wurin, Fada Ilarie, suka gina gidan tsofaffi tare. Wasu dattawanmu sun yi gunaguni cewa mutanen nan hotuna suke sumbata. Leunis ya ce bargo ya kai musu, ba aƙida ya je karɓowa ba, aka bar maganar.

Ana nan bayan 'yan shekaru, Fada Ilarie ya bugo waya. Da guntun Jamusancin da suke lallaɓawa da shi ya ce bishop ɗinsu yana son ya yi wa Leunis godiya, ya zo da iyalinsa. Nan ne muka yi wautar da sai mu. A wurinmu godiya ita ce a kira ka ɗakin dattawa, a zuba maka gahawa, a miƙo gwangwanin biskit ka ɗauki ɗaya a rufe, wani ya ce to, an gode, kowa ya nemi hularsa. Yabon mutum a gaban jama'a kuwa ko gawa ba ma yi wa. Ranar da aka binne Jacomien, Leunis da kansa ya tsaya a bakin kabari ya yi mana wa'azi a kan gajartar kwana, bai ce matar nan tana da kirki ba ko sau ɗaya, alhali daga baya na same shi a kicin ya kifa fuska a cikin rigar sanyinta. To, wanda ya tashi a haka, me zai hango in an ce za a gode masa? Ya ce mini in shirya, zaman rabin awa ne, in samu in ga ƙasar da nake ta ɗinke wa barguna. Ya sayi curin cuku babba, don ba a shiga gidan mutum hannu rabbana.

Tun daga bakin garin bishop ɗin na san da magana. Ƙararrawa na ta bugawa ranar Litinin, titi cike da mutane cikin ado, ko'ina furanni. Na tambayi Marien, wanda ya tuƙo mu, bikin wa ake yi, ya ce ko wane ne dai ya tara jama'a. Muna sauka daga mota aka kewaye mu, aka yi ta tura mu gaba har cikin babban cocin. Da na ɗaga ido sai da na dafe ƙirji. Zinariya tun daga ƙasa har sama, fuskokin tsarkaka a kowane bango suna zare mana ido, kyandirori ba iyaka, hayaƙin turare ya shaƙe ni har na fara tari. Benci ko ɗaya babu, kowa a tsaye. Na kama hannun rigar Leunis na ce masa mu juya tun da sauran mutuncinmu. Ya ce in yi haƙuri, wataƙila ta nan ake bi zuwa inda za a sha gahawar.

Kafin in ba shi amsar da ta dace da wannan shirmen, wasu masu gemu biyu cikin riguna masu walƙiya suka riƙe shi ta gwiwar hannu. Ya juyo ya ɗora mini cukun, suka wuce da shi tsakiyar fili. Wata malamar makaranta mai suna Viorica, wadda aka ba mu ta yi mana tafinta, ta ja ni muka matsa kusa.

Bishop ɗin ɗan tsoho ne ɗan firit, farin gemu har ciki, kayan jikinsa sun fi shi nauyi. Ya yi magana mai tsawo, ina jin sunan ƙanena yana fitowa a karkace. Sannan aka miƙo masa wata sarƙa da gicciye a jikinta, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Ya ɗaga ta da hannu biyu zai rataya wa Leunis, sai hannun ya tsaya a daidai aljihun kwat. Leunis ya tsaya ƙiƙam, fuskarsa ta yi fari fat. Tsohon ya yi ɗage, hannuwansa na rawa, bai sauke ba, coci ya yi tsit. Mu kuwa tun muna yara aka hore mu kada mu bar tsoho da kaya a hannu. Leunis ya sunkuya. Bai isa ba. Ya ƙara sunkuyawa har bayansa ya lanƙwashe, tsohon na neman faɗuwa, sai kawai na ga gwiwar ƙanena a ƙasa.

Sarƙar ta faɗa wuyansa. Bishop ya dafa kansa ya ɗaga murya da wasu kalmomi, sai cocin gaba ɗaya ya amsa, maza da mata, har na ji ƙarar a jikin cukun da nake rungume da shi. Suka maimaita. Leunis, yana nan a durƙushe, ya juyo da kai wajen Viorica yana tambaya da ido. Ta sunkuyo tana murmushi, hawaye na zubo mata, ta gaya masa, ni ma na ji.

"Cewa suke ya cancanta. Kai suke nufi, Fasto. Ka cancanta."

Da zagin uwa suka yi masa da ya fi mini sauƙi, don wannan na san amsarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa yana koya mana cewa babu wanda ya cancanci komai, yau ga shi a ƙasa gaban hotuna, gicciyen zinariya a wuya, ɗaruruwan mutane na rera masa akasin wa'azinsa. Na jira ya zabura ya miƙe, ya cire abin, ya ba su haƙuri da gurgun Jamusancinsa. Bai motsa ba. Suka sake rerawa, wannan karon a hankali, da muryoyi hawa-hawa, tsigar jikina ta tashi, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Ina cikin wannan na ga walƙiyar kyamara daga gefe. Ashe wani ɗan jarida ne na lardinmu da ya biyo ayarin motocin agaji na wani gari.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi da kyau ba. Na tuna tsofaffin mata suna rububin sumbatar hannunsa yana ɓoyewa a aljihu, da dogon teburin abinci da bai ci ko loma ba, da kuma cewa har muka shiga mota cukun yana hannuna, ba wanda ya tuna da shi. Gicciyen ya naɗe a hankici ya sa a aljihun ciki. Muka ratsa Hangari da Ostiriya da Jamus ina yi masa faɗa, yana kallon titi. Duk gadar da muka hau sai na ce ya sauke gilas ya jefa abin a kogi, shi kuma ya ce kyautar tsoho ce, ba ya wulaƙanta ta. Marien ya gwada wasa, ya ce in an naɗa Fasto Paparoma ya tuna da direbansa. Ko murmushi bai samu ba, ya koma ga sitiyarinsa.

Hoton ya riga mu isa gida. Tun da muka shigo titin coci na gane, domin a garinmu ba a sakin labule, kowa na zaune a tagarsa, kuma in motar Marien ta dawo daga Romaniya hannuwa ne ke tashi gida-gida. Ran nan tagogin cike suke da fuskoki, amma ba hannun da ya tashi. Jaridar na kwance a bakin ƙofarmu, wani mai kirki ya ninke ta yadda ba sai mun wahala wajen nema ba. Ga Fasto Jobse na cocinmu, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, mai kambin zinariya ya dafa masa kai. A bayansu ga ni nan, baki buɗe, da cuku.

Washegari na fita yaƙi. A gidan burodi matar mai shagon, Neeltje, ta tambaye ni da muryar tausayi ko yanzu sai an sumbaci zoben Fasto kafin a gaishe shi. Na ce ta fito fili. Neeltje gajeriya ce, mijinta dogo. Na cire gyalena na ba ta, na ce ta rataya masa a wuya ba tare da ya sunkuya ba. Ta yi ɗage, ta yi tsalle, ta kasa, shagon ya fashe da dariya. Kafin yamma rabin gari ya ji cewa laifin tsawo ne. Ɗaya rabin kuwa suka ce da mai tsoron Allah ne da ya bar tsohon ya yini da hannu a sama. Gidaje da dama sun riga sun fara maganar ficewa su kafa nasu cocin, abin da a wajenmu bai fi gina akurkin kaji wuya ba.

Ranar Juma'a da la'asar Dingeman ya zo. Ya zauna a falo da hularsa a gwiwa, na miƙa masa gwangwanin biskit ya ce ya gode, bai ɗauka ba, na san abin ya kai inda ya kai. Ya ce dattawa sun rabu biyu, wasu na son a kai ƙara babban taron ikilisiyoyi a dakatar da Leunis. Ya yi ta fama da su har ya samo hanya. Ranar Lahadi kafin wa'azi Leunis ya gaya wa jama'a da bakinsa cewa shammatarsa aka yi, tsohon gajere ne, ladabi ne ya kai shi ƙasa ba sujada ba, sannan ya miƙa wa dattawa gicciyen. In ya yi haka maganar ta mutu, mumbarinsa na nan.

"Ni ne dattijon da ke aiki ran Lahadi, Leun," in ji shi. "Ni zan raka ka. Ka faɗi wannan kawai, don Allah kada ka ƙara komai. Sauran ka bar mini."

Abin da yake nufi da rakiya kowa a nan ya sani. Fasto ba ya hawa mumbari da ikon kansa. Dattijon da ke aiki ran nan shi ke raka shi har gindin matakala ya ba shi hannu a gaban jama'a, wato ikilisiya ce ta aike ka. In an gama sujada ya sauko, dattijon ya sake ba shi hannu, wato abin da ka faɗa mun ɗauka, namu ne. Musafaha ce ta ƙiftawar ido, yawancin Lahadi ba mai kallonta ma. Amma in aka hana fasto hannu na biyu, an gaya wa duniya cewa bakinsa ba na cocin nan ba ne. Ni tunda nake ban taɓa gani ba. Kakarmu ta ce an taɓa yi a zamaninta, kuma faston bai ga girbin shekarar a garin ba.

Leunis ya ce zai faɗi yadda aka yi. Dingeman ya yi ajiyar zuciya, har ya miƙa hannu ya ɗauki biskit. Ni kuwa na san ƙanena. Tun yana ƙarami, in Inna ta tambayi wa ya sha madara zai ce shi ne, ya kuma ƙara da cewa jiya ma ya sha. Dingeman na fita na tsare shi a kicin.

"Me kake nufi da yadda aka yi?"

"Yadda aka yi, Yaya."

"Ina wurin, na ga yadda aka yi. Tsoho gajere, kai kuma falwaya, shi ke nan. Ka ji ni ko?"

Ya ce ya ji, ya ɗauki kyanwarsa ya shige ɗakin karatu.

Ran Lahadi coci ya cika har da waɗanda rabonsu da shi tun jana'izar iyayensu. Baƙaƙen huluna jere-jere, ba mai ko tari. Dattawa suka shigo a layi, Dingeman ya rako Leunis gindin matakala ya ba shi hannu, na ga ya ɗan ƙara matsewa. Aka rera zabura a hankali yadda muka saba, kowace kalma sai an ja ta har numfashi ya ƙare. Sannan Leunis ya ce kafin ya buɗe Littafi yana da bayani.

Ya yi shi da kyau, ban taɓa jin ya yi magana mai sauƙi haka daga can sama ba. Ya faɗi wayar Fada Ilarie, da gahawar da ya zata, da cukun, har wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ya faɗi hannuwan tsohon da ke rawa. Ya ciro hankicin ya ajiye a gefen mumbari ya ce ga abin nan, dattawa su yi yadda suka ga dama da shi, bai taɓa yi wa ƙarfe sujada ba kuma ba zai fara da furfura a kai ba. Na ji cocin ya saki jiki. Mata suka fara buɗe jakunkuna suna ciro minti, wanda a wajenmu alama ce ta hankali ya kwanta, wa'azi kawai ake jira. Dingeman a bencin dattawa ya lumshe ido. Ni ma na kai minti baki.

"Saura kaɗan," in ji Leunis.

Mintin ya tsaya mini a harshe.

"Don tsohon nan na sunkuya, wannan gaskiya ne. Amma bayan ya rataya mini abin, ba wanda ya riƙe ni a ƙasa. An fassara mini abin da suke faɗa, na fahimta sarai, kuma ban tashi ba. Ban tashi ba domin daɗi na ji. Na san ban cancanta ba, haka na koya muku, kuma ban janye ba. Amma da mutanen nan suka faɗa da baki ɗaya, na so a ce gaskiya ne, na so su ƙara faɗa. Tun daga Romaniya har gida nake neman nadamar wannan daɗin a zuciyata. Ban same ta ba. Ba zan tsaya a nan in bar ku ku ɗauka na samu ba."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Wata mata a gabana jakarta ta zame ta faɗi, ba ta ɗauka ba. Kunya ta rufe ni, da tsoro, da wani irin fushi har na ji kamar in hau in finciko shi ta kunne. An buɗe masa ƙofa, ya riga ya fita, sannan ya dawo da ƙafarsa ya rufe kansa. Abin da ya fi razana ni kuwa, na dubi fuskokin da ke kewaye da ni, mutanen da ba a taɓa ce wa ɗayansu sannu da ƙoƙari ba tun haihuwa, na ga ba fushi kaɗai ke wurin ba. Wasu kallonsa suke kamar mayunwatan da aka ba labarin abinci. Nan na san ba za a yafe masa ba.

Ya buɗe Littafi ya yi wa'azinsa cikakke, bai rage komai ba, kuma na tabbata ba wanda zai iya faɗa maka a kan me. Ya sa albarka, muka miƙe. A cocinmu ba mai fita sai fasto da dattawa sun wuce, don haka kowa na tsaye sa'ad da ya fara saukowa. Dingeman ya fito daga benci ya tsaya a gindin matakala, inda ya kamata ya tsaya. Leunis ya sauko ya miƙa hannu.

Hannuwan Dingeman na bayansa. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, hawaye na bin haɓarsa suna ɗiga a kan baƙar kwat, amma hannuwan ba su fito ba. Ba ƙiyayya ba ce, da ita ce da na ji sauƙi. Mutumin nan ya tsufa yana hangen teburin Ubangiji daga nesa domin an gaya masa bai kai ba, ya yarda, ya haƙura. Leunis bai janye nasa ba, ya bar shi a miƙe, jama'a duka na kallo. Na jira wani daga cikin dattawan ya taso. Duk suka sunkuyar da kai suna duban takalmansu.

Mace ba ta fita daga benci kafin dattawa su wuce. Na ture Neeltje da gwiwar hannu na fita. Takalmina na ƙara a kan daɓe har na isa gaba, na kama hannun ƙanena, na ji shi sanyi ƙalau. Na dubi Dingeman na ce masa ya adana nasa da kyau, ya kai shi lahira da tsabtarsa. Sannan na ja Leunis muka bi tsakiyar coci, yana biye da ni kamar ran da na fara kai shi makaranta. Wannan ne hawansa na ƙarshe a mumbarin garinmu, kuma ina jin mu biyun mun san haka tun kafin mu kai ƙofa.

A waje iska na kaɗowa daga teku, na dafe hulata da hannu ɗaya. Bakina bai mutu ba, ina ta zazzaga wa Dingeman, da butulcinsa, da taurin kansa, da shekarun da suka yi tare a hanyar Romaniya suna cin burodi ɗaya. Leunis ya ja ya tsaya.

"Yaya, bar zaginsa," ya ce. "Abin da ya sani ya yi. Ni na koya masa."